Macijin da ke Cikin Jitar Seu Anacleto

Shekara arba'in da ɗaya Dona Zulmira tana auren Seu Anacleto, kuma babu wani abu nasa da hannunta bai taɓa ba. Ta wanke masa wanduna, ta yanke masa ƙumba, ta cire masa ƙaya a tafin ƙafa, har haƙorinsa da ya yi tsutsa ita ta fizge da zare a bakin murhu. Abu ɗaya ne bai yarda ta taɓa ba, jitarsa.

Jitar irin tamu ce ta ƙauye, mai tsirkiya goma bibbiyu da tsukakken ƙugu, wadda muke ce wa biyola. Tana rataye a ƙusa saman gadonsu, wuyanta ɗaure da zirin ƙyallaye masu launi. In Zulmira za ta share yanar gizo a bangon, sai ta jira maigida ya zo ya sauke abarsa da kansa, ya rungume, ya koma gefe ya tsaya kamar wanda aka ba ajiyar jaririn wani.

Ita kuwa jitar ba ta dame ta ba. Abin da ke cikin tumbinta ne ya tsaya mata a rai.

Kowa a ƙauyenmu na Riacho Torto ya san makaɗin kirki ba ya fita da biyola wofi. Dole a jefa mata kacau-kacau na wutsiyar kaskabel, macijin nan na duwatsu mai gargaɗi kafin sara. Shi ke ƙara mata zaƙin murya, shi ne kuma ke tare mugun ido, don akwai makaɗan da in sun zuba wa jitarka ido sai tsirkiya ta tsinke, ko yatsunka su sandare ana tsakiyar waƙa. Wasu a kasuwa suke saye wurin masu magani. Seu Anacleto kuwa da hannunsa ya kashe nasa, yana ɗan shekara goma sha tara, a kan falalen dutse bayan rafi. In ji shi. Farkon aurensu macijin kamu uku ne. Da aka aurar da 'yarsu Jandira ya kai kamu biyar. Yanzu kuwa in tsoho ya kora giyar rake kofi biyu, maciji kan miƙe tun daga bakin ƙofa har gindin mangwaro. Gaɓoɓin kacau-kacau ɗin ne kawai ba su taɓa canzawa ba: goma sha biyu cif.

Sai dai ba wanda ya taɓa gani. Ji kawai ake yi. Kafin ya fara kiɗa zai ɗaga jitar kusa da kunne, ya ɗan girgiza ta, a ji caka-caka can ƙasa-ƙasa, ya gyaɗa kai kamar an amsa masa gaisuwa, sannan ya sa yatsa.

To, wannan shekarar ba kamar sauran ba ce. Shekara bakwai baya, Jandira ta haifi bakwaini, 'yar mace kamar ɓera, numfashi yana zuwa yana ɗaukewa. Seu Anacleto ya durƙusa a tsakar gida ya yi bakance ga Sarakuna Uku, waɗanda suka bi tauraro suka kai wa jariri Yesu gaisuwa. Ya ce in yarinyar nan ta rayu, zai ja ayarin Foliya shekara bakwai a jere da wannan jitar, daga safiyar Kirsimeti zuwa shida ga Janairu, gida-gida, gona-gona, da tuta da ganga da waƙa. Yarinya ta rayu, aka sa mata Marilda. Ya yi shida, saura ɗaya. Kuma wanda ya tsallake shekara, daga farko yake komawa, ba a yi wa Sarakuna ƙwange. Mutum mai shekara saba'in da ɗaya, wanda yatsunsa sai an gasa su a bakin wuta da safe kafin su lanƙwasu, ina zai samo wasu bakwai?

Ana saura kwana biyu Kirsimeti, tsoho ya kwance tsoffin tsirkiyoyi duka goma, ya shafe wuyan jitar da mai, ya kwantar da ita a kan gado, ya rufa mata zane. Sannan ya sa hularsa zai bi motar madara zuwa gari sayo sababbi.

"Tsohuwa, kada kaza ta shiga ɗakin nan."

"Kaza kaɗai?"

"Kin dai ji ni."

Ƙarar mota ba ta gama ɓacewa ba sai ga Dona Eufrasia da lema da ƙwaryar cuku, ta zo su yi gashin garin rogo na biki. Ita ta riƙe Jandira ranar baftisma, shi ya sa suke kiran juna komadre. Gwauruwa ce mai jiki, kuma in kana son labari ya kai ƙetaren rafi kafin azahar, ka gaya mata ka ce sirri ne.

Suna cikin kwaɓi, Eufrasia ta leƙa ɗaki ta ga abu kwance a lulluɓe.

"Wa ya mutu?"

"Biyola ce. Ya kwance mata tsirkiya."

"Duka?"

"Duka goma."

Eufrasia ta dakata da kwaɓi. "Kenan bakinta a buɗe yake."

Zulmira ta ƙara ƙwai a kwano.

"Komadre, tsakaninki da Allah, kin taɓa ganinsa?"

"Ganin me?"

"Kada ki mai da ni 'yar yaye. Goma sha biyun nan. Marigayi mijina Belarmino, da ya ƙare rayuwarsa a bayan shanu, ya ce bai taɓa ganin mai fin tara ba. Kuma ni da idona na ga mijinki ya bar wa tsaka kujera."

"Ƙyanƙyami yake ji, ba tsoro ba."

"To. Ƙyanƙyamin ne ya sa shi tsallake kujera biyu."

Zulmira ta yi tsaki. Amma maganar ta faɗa inda take ƙaiƙayi. Shekara arba'in da ɗaya tana kwana ƙarƙashin abin nan, tana tunanin yadda yake. Fari ne ko ruwan ƙasa? Ya kai ɗan yatsa? Yana wari? Da wuƙa ya yanke shi ko fizgewa ya yi? Ta sha tambaya, amsar kullum ɗaya: abin maza ne, idon mace yana kashe masa ƙarfi. Ita kuma ta sha raya wa ranta cewa idon da ya ga Anacleto ba wando ranar da kudan zuma suka bi shi, babu abin da zai gani ya ƙara lalacewa.

"Leƙawa kawai," in ji Eufrasia. "Leƙe ba taɓi ba ne."

Suka shiga, suka yaye zane, suka leƙa. Duhu. Suka kai ta bakin taga suka karkata ta. Can a kusurwa ga wata 'yar jaka ta baƙin ƙyalle mai kauri, irin na tsohuwar hula, an ɗinke bakinta da ɗinkin namiji, babba-babba kamar sawun kaza. Eufrasia ta gwada hannu, yatsu huɗu suka shiga, babban ya ƙi. Hannun Zulmira kuwa siriri ne, ga maiƙon kwaɓi. Sulluf ya shige.

"Ba zan buɗe ba," ta ce, da ta fito da jakar. "Lalubawa kawai zan yi in ƙirga gaɓoɓin."

Ta ɗan matsa da yatsa biyu. Ƙwas!

Suka dubi juna. Ɗinkin ya riga ya saki ta gefe ɗaya, Zulmira ta zazzage jakar a kan teburin kicin. Ɓawo busasshe ya zubo a farfashe, sai kuma 'yan ƙananan ƙwayoyi baƙaƙe masu sheƙi suka gangara tsakanin garin rogo da cuku.

Babu matar da ta taɓa cire ciyawa a Riacho Torto da za ta kasa gane su. 'Ya'yan hakin nan ne mai rawayan fure da ke fitowa a gefen garke, wanda in kwansonsa ya bushe yara ke kaɗawa su tsorata kakanninsu.

Eufrasia ce ta fara. Ta zauna daɓas a kan buhun masara, ta riƙe ciki, hawaye na bin kumatunta. "Kamu biyar! Har gindin mangwaro! Wayyo Maryamu, ku taimake ni, zan yi fitsari!"

Zulmira ma ta yi dariyar, har da dukan tebur. Ta ƙirga ƙwayoyin da ɗan yatsa, goma sha tara. Tana kai ta ƙarshe dariyar ta ɗauke mata kamar an rufe famfo. Ta koma ɗaki, ta ɗaga jitar, ta girgiza. Shiru.

Ta san mijinta. In ya dawo ya girgiza bai ji komai ba, zai gane ta gani. In kuma ya gane ta gani, ga komadre a gidan, ya san garin duka ya gani. Anacleto zai iya fita da zazzaɓi, ya taɓa fita da targaɗe, amma ba zai tsaya gaban tuta ana ƙunshe dariya a bayansa ba. Zai rufe ƙofa ya ce ƙugunsa ya riƙe. Shekara shida su bi ruwa, a kan leƙe.

"Komadre, tashi. Mu je garke."

Ai sun manta watan da ake ciki. Disamba tsakiyar damina ce a wurinmu, hakin yana nan shar, kwansonsa ɗanye lugub, ka girgiza har hannunka ya gaji ba zai ce uffan ba. Busasshe sai Agusta. Suka tsinko guda shida cikin yayyafi, suka dawo da taɓo har ƙauri, suka jera su a kasko a kan wuta ko za su bushe. Uku suka ƙone. Biyu suka fashe, ɗaya ya yi tsalle ya faɗa cikin kofi. Suka gwada wake a cikin ɓawon gyaɗa, ya yi ƙwal-ƙwal kamar tsakuwa a gwangwani. Rana ta wuce tsaka, motar madara kuma ƙarfe huɗu take dawowa.

Zulmira ta zauna ta zuba tagumi. "Na kashe mu. Kowa ya ɗebo da zafi bakinsa."

Eufrasia ta gyara zama. Can ta ce, "Ni fa ina da na gaske."

"Na me?"

"Na Belarmino. Shi ya kashe, a gabana, da sandar kiwo, bai kuma taɓa ba kowa labari ba don shi mutum ne da ba ya iya ko tafi daidai, balle kiɗa. Yana cikin gwangwanin tabarsa. Shi na rataya wa yarana duka a wuya lokacin haƙori."

Ba ta taɓa tafiya da sauri irin na ranar ba. Ta dawo tana haki, ta buɗe gwangwani. Zulmira ta ɗauka a tafin hannu ta daɗe tana kallo. Ashe haka yake. Ruwan ƙasa-ƙasa, mara nauyi kamar ɓawon albasa, gaɓoɓi suna shige da juna sako-sako, ba wari, ba komai. Bakwai ne. Ta juya shi, ta shinshina, har ta ɗan taɓa da harshe, tun da dai an riga an yi ɓarna.

Tsohuwar jakar ta riga ta yage, don haka ta yanko gefen wani jan ɗankwalinta mai shara-shara ta ɗinka sabuwa, ta yi ɗinkin babba-babba don ya yi kama da nasa. Ta zura hannu ta ajiye a kusurwa, suka goge maiƙo a bakin jitar, suka mayar da zane. Ba su girgiza ba, don a lokacin suka ji ƙahon mota a kan gada. Ƙwayoyin nan goma sha tara kuwa ta share su cikin aljihun riga.

Seu Anacleto bai shigo shi kaɗai ba. Yana tare da Seu Deolindo mai ganga, dogo mai haƙora huɗu, da mawaƙan ayarin su biyar, za a yi gwajin murya. Aka ba su kofi da mazarƙwaila. Gashin rogo kuwa babu, Eufrasia ta ce itacen ne jiƙaƙƙe.

Tsoho ya wanke hannu, ya shiga ɗaki, ya fito da jitar a rungume. Ya baje sababbin tsirkiyoyi a tebur. Sannan, kamar yadda ya saba, ya ɗaga ta kusa da kunne ya girgiza.

Tsirrrrrrrr!

Wanda bai taɓa jin kaskabel a daji ba ba zai gane ba. Ba caka-caka ba ce, ƙara ce busasshiya mai kaifi da ke shiga ta tafin ƙafa ta fita ta ƙeya. Ga ƙyalle shara-shara, ga tumbin katako yana ƙara mata amo. Kuma a daidai kunnensa.

Jitar ta tashi sama ta faɗa kan buhun masara, Allah ya taimaka. Mai ita kuwa ba wanda ya ga lokacin da ya hau benci, daga benci ya hau tebur, ƙafa ɗaya cikin kwanon kwaɓi.

"Mai rai ne! Mai rai! Ya shiga ciki!"

Mawaƙa suka yi waje, biyu suka maƙale a ƙofa. Deolindo ya ce ai damina ce, bara ma an sami ɗaya cikin takalmin ruwa, wani cikin tanda, ga baki an bari a buɗe tun safe. Ya cafke hularsa ya toshe bakin jitar, ya daka tsawa a miƙo masa taɓarya.

"A fasa ta da shi a ciki! Katako ana sake sassaƙawa, rai ba a sakewa!"

"Da ita na yi bakance!" in ji tsoho daga kan tebur. Amma bai sauko ba.

Wani ya miƙo taɓarya ta taga. Deolindo ya tofa yawu a hannu, ya gyara tsayuwa. Zulmira ta dubi Eufrasia, ta ga ta cusa gefen zane a baki, kafaɗunta suna rawa. Ta dubi mijinta, fari fat kamar garin rogon da ya taka. Ta dubi taɓarya tana hawa sama. Mai sassaƙa biyola a gari wata uku yake ɗauka, in bai sha ba.

"Deolindo, sauke abin nan kafin ka karya ƙugunka."

Ta ture shi, ta cire hular, ta naɗe hannun riga, ta zura hannu cikin tumbin jitar har wuyan hannu. Wani a waje ya fara karanta addu'ar Maryamu da ƙarfi. Ta fito da jar jaka, ta tsinke zaren da haƙori, ta zazzage abin a tafin hannunta, ta ɗaga sama.

"Haba tsoho. Muryar abokin faɗanka ce ba ka gane ba? Laifina ne, na taɓa, ka yi mini duk faɗan da za ka yi. Tsohuwar jakar ce ta ruɓe tana zubar da gari, na ɗinka masa sabuwa. Ƙyallen ne ba kauri. Shekara hamsin da biyu ka toshe masa baki, yau ya samu ya yi magana."

Mutane suka dawo ɗaya bayan ɗaya, suka yi cincirindo. Abin da ba a taɓa gani ba yau ga shi a fili. Seu Anacleto ya dubi tafin hannunta, ya dubi fuskarta. Ita ma ta dube shi, ba ta ƙifta ba.

Deolindo ya sunkuya yana ƙirgawa da ƙazamin farcensa. "Ɗaya, biyu… bakwai. Bakwai? Kai Anacleto, ina biyar?"

Nan ne Zulmira ta ga komadre ta cire zane daga baki, ta ja numfashi. Ta rufe ido tana jiran ƙarshen duniya.

"Kai Deolindo," in ji Eufrasia, "abin da aka yi shekara hamsin ana girgizawa? Kai da ba wanda ya girgiza, ina sauran haƙoranka?"

Ɗaki ya kece da dariya, Deolindo ya rufe baki da hula. Da ya farfaɗo ya ce shi dai bai taɓa ganin mai kashe maciji a kan tebur ba. Tsoho ya sauko a hankali, ya goge ƙafarsa da tsumma, ya gyara wuyan riga.

"Wanda ya san maciji shi ke girmama shi," ya ce. "Ku da ba ku taɓa haɗa ido da shi ba, me kuka sani?"

Aka mayar da jaka, aka ɗaura tsirkiya, aka yi gwaji. Kowa ya rantse biyolar ba ta taɓa zaƙi irin na yau ba. Zulmira ce kaɗai ta lura a kan gwiwa ya ɗora ta, can nesa da cikinsa, kamar mai riƙe da tukunyar da ba ta huce ba.

Washegari da safe, tana tace kofi, ya shigo ya zauna bakin murhu yana gasa yatsu. Bai ce ina kwana ba.

"Na wa ne?"

"Na Belarmino."

"Hm. Bakwai. Nawa goma sha biyu ne."

"Naka goma sha tara ne. Na ƙirga."

Ya tura itace cikin wuta. Sannan ya ba ta labarin da bai taɓa ba kowa ba, kuma gajere ne ƙwarai. Tsohon shugaban ayari ya ce ba zai ɗauki yaro mai biyola wofi ba. Ya tafi falalen dutse da sanda. Maciji yana nan kuwa, a naɗe, yana shan hantsi. Ya ɗago kai. Anacleto ya yar da sanda ya runtuma, ya faɗa cikin busasshen haki, hakin ya yi caka-caka ta ko'ina, ya ɗauka dangin macijin ne suka taru, ya kwanta yana jiran mutuwa. Da mutuwa ta ƙi zuwa ya buɗe ido, ya ga kwanso a gaban hancinsa. Shi ya tsinka ya jefa a jitar. Tun da suka yi aure kuwa, duk Agusta in Zulmira ta tafi gaida 'yar'uwarta, yakan canza sabo.

"Ashe shi ya sa kake matsa mini in ƙara kwana."

"Zulmira, ba zan fita ba," in ji shi.

Ta ajiye butar kofi.

"Ba zan iya ba. Kwana goma sha biyu da wutsiyarsa a kan cibiyata? Jiya ko runtsawa ban yi ba, yana rataye saman kaina. Kuma Sarakuna sun tona ni ne. Shekara shida ina shiga gidajen mutane da ciyawa."

"To, Sarakunan sun kawo ƙara? Marilda jiya masara uku ta cinye a zama ɗaya, ta bi ɗan akuya har ta kama. Ka ce musu za ka yi kiɗa, ba ka ce za ka kashe musu maciji ba. Shida sun karɓa da ciyawa, ta bakwai ce za su ƙi don ta zo da na gaske?"

"A cire shi."

"A cire? Labari ya ƙetare rafi tun jiya. Duk gidan da kuka shiga sai an ce a ji. In naɗe maka shi da ƙyalle mai kauri?"

"Sun riga sun ji sabuwar muryar. Kuma ko kin naɗe shi da bargo na san yana nan."

Zulmira ta zuba masa kofi, ta tura masa mazarƙwaila. Ta yi tunani irin na mai neman bakin zare.

"Jiya da kake kiɗa a zaune, ya yi kuka?"

"A'a."

"Don ba ka motsa ba. Shi wannan, mai rai ko matacce, sai an dame shi yake magana. Ka tsaya cik. Girgizawar kuma ka bar wa Deolindo, ka ce ka ba shi girma."

"Ni? In tsaya cik?"

Abin dariya ne kam. Seu Anacleto in yana kiɗa rangaji yake, yana buga ƙafa, yana juyi, ko a coci sai an riƙe masa riga.

"Shekara bakwai sababbi, ko kwana goma sha biyu a tsaye. Zaɓi. Ni dai ba zan gaya wa Jandira ubanta ya bar bakancen 'yarta a kan ɓawon albasa ba."

Ya shanye kofi, ya miƙa yatsu ga wuta, ya lanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya.

Safiyar Kirsimeti tuta ta fito, ganga ta biyo, sannan Seu Anacleto, yana takawa a hankali kamar mai ɗauke da ƙwarya cike da madara. A ƙofar gidan farko ya tsaya ƙiƙam, kafaɗa ba motsi, ido a sama, yatsu kaɗai ke aiki, zufa na ɗiga daga haɓarsa. Da ba rangaji ba buga ƙafa, duk ƙarfin ya koma cikin tsirkiya da murya, kuma muryar tana ɗan rawa. Matan gidan suka fashe da kuka. Suka ce dubi yadda shekarar ƙarshe ta sauko wa bawan Allah da natsuwa. Kafin su kai gona ta uku, mutane suna bin su a baya cikin taɓo don su ga tsohon da ke kiɗa kamar gunkin coci. Wani saurayi mai koyon biyola har ya fara kwaikwayon tsayuwar.

Sau ɗaya aka kusa samun matsala, a rana ta tara, da ya yi tuntuɓe a bakin wata ƙofa abin ya ce tsirr. Ya yi tsalle ya ba da wata ƙara mai tsawo. Mawaƙa suka ɗauka sabon amshi ne, suka karɓa, har yau ana yin sa a wurin.

Ranar shida ga Janairu aka mayar da tuta, aka yanka alade, Marilda ta ɗaura zirin ƙyalle na bakwai a wuyan jitar da hannunta. Tsoho ya durƙusa, ya tashi, ya miƙa wa Deolindo biyolar ya ce ya riƙe masa, sannan ya yi rawar da ya tara ta kwana goma sha biyu har sai da takalminsa ya fita.

Jitar yanzu a rumbun masara take kwana, wai ɗakin yana da laima. Eufrasia kuwa ta riƙe bakinta, abin da ya ba kowa mamaki da ya san ta, ko da yake ba wanda ya san tana riƙe da wani abu. Ta ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ta yi wata huɗu cur kafin ta zo wurina aron sikari, ta rufe ƙofa da kanta, ta zazzage mini labarin kaf.

Ƙwayoyin nan goma sha tara Zulmira ta shuka su a bayan kicin, goma sha ɗaya suka fito. In Agusta ta yi takan tsinki kwanso ɗaya ta sa a aljihu. Duk ranar da baƙi suka zo, giyar rake ta zagaya, maciji ya fara miƙewa zai nufi gindin mangwaro, sai ta wuce ta bayan kujerar maigida da butar kofi, ta ɗan kaɗa aljihu. Nan take yake komawa kamu uku.